Ƙibar Yara a Ƙasar Tamowa: Kallo Daga Gandi

Duk macen da ta taɓa kai ɗanta awo a asibitin Gandi, ko na Rabah, ko na Goronyo a Jihar Sakkwato, ta san siririn ma'aunin nan da ake naɗa wa yaro a dantse. Ba sai ta iya karatu ba. In ya tsaya a kan ja, wato kaurin dantsen bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani, sai a rubuta sunan yaro a fara ba shi gyaɗar nan mai madara da ke cikin 'yar leda. In ruwan ɗorawa ne, a ce a sa ido. In kore ne, uwa ta yi hamdala, ta goya abinta ta kama hanyar gida. Daga kore babu sauran launi. Ma'aunin bai san da wani haɗari a gaba ba, kuma dama ba don wannan aka ƙera shi ba.

Na san abin da mutumin wannan yanki zai ce da jin batun ƙibar yara: ana ta abin da za a sa a baki, wa ke ta ƙiba? Yana da gaskiyarsa. Tun harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a watan Yulin 2018, inda aka kashe mutum sama da 30, Gandi ta zama matattarar 'yan gudun hijira, gonaki da yawa kuma suka gagari masu su. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 55 cikin 100 na yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 18 kuma sun rame fiye da ƙima, adadin ramar da babu jihar da ta kai shi a Najeriya. Yara masu nauyin da ya wuce misali kuwa, a faɗin ƙasar baki ɗaya, kashi 2 ne kacal. A birnin Sakkwato ma akwai asibiti sukutum na ciwon noma, cutar da ke cin fuskar yaron da yunwa ta riga ta karya wa garkuwar jiki. Wanda ya tashi da maganar teɓa a irin wannan wuri, sai ya yi bayani.

Bayanin yana cikin jikin yaron da aka ceto ɗin nan da kansa.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun datse abinci ga yammacin ƙasar Holan, aka yi wata yunwa ta 'yan watanni. A 1976 masu bincike suka duba bayanan samari 300,000 'yan shekara 19 da suka je awon shiga soja, suka tarar waɗanda yunwar ta riska suna farkon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. Ba sai mun je Turai ba ma. A 2010 an buga wani bincike da aka yi kan mutum 1,339 a Enugu, waɗanda aka haifa tsakanin 1965 da 1973. Waɗanda yunwar yaƙin Biyafara ta same su a ciki ko suna jarirai, da suka kai shekara 40 sun fi na bayansu hawan jini, da matsalar sukari a jini, da nauyin jiki. Likitan nan na Ingila, David Barker, shi da abokin aikinsa Nicholas Hales, sun ba abin fassara tun 1992: jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi tattali, ya riƙa ɓoye duk abin da ya samu, kamar magidancin da ya taɓa ganin rumbunsa wayam. Ranar da wadata ta zo, musamman in ta zo a siffar sukari da mai, tattalin nan sai ya koma cuta.

To, ka dubi yaran da ake raba wa maganin tamowa yau a Gandi da Wurno. Da yawansu ba a ƙauye za su girma ba. Rashin tsaro ya riga ya kora iyayensu zuwa manyan garuruwa da unguwannin gefen Sakkwato, inda abincin da ya fi saurin cika ciki da kuɗi kaɗan shi ne taliyar leda da fanke da burodi da lemon roba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun taɓa auna Fulanin birnin Sakkwato da Fulanin karkara, suka sami ciwon sukari a kashi 4.6 na mutanen birni, na karkara kuwa bai kai kashi 1 ba. Jini ɗaya, addini ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ne abin da ake ci da yadda ake motsa jiki. Binciken 2018 ɗin da na ambata ya kuma ce kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya nauyinsu ya wuce misali. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ɗaya ka ga uwa mai teɓa da ɗa tsumburarre.

Duniya ta riga mu shiga wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce misali, a 2022 suka zama kashi 20, wato sama da miliyan 390. A watan Satumban 2025 UNICEF ta ba da sanarwar cewa, karon farko a tarihi, masu ƙiba a cikin yaran da suka isa makaranta sun fi ramammu yawa a duniya. Yankuna biyu ne kawai suka rage ba su juya ba: Kudancin Asiya, da namu na Afirka kudu da Sahara.

Tubarkalla, ya yi ɓul-ɓul

Kafin a yi maganar magani, sai an yarda akwai ciwo, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A wurinmu jikin yaro shaida ce a kan iyayensa. Je ki gidan suna ki ji: “Tubarkalla, Gwaggo, dubi kumatu, ya yi ɓul-ɓul!” In kuwa yaro siriri ne, ko lafiyarsa ƙalau, tambayoyi za su biyo baya. Ko nonon uwar ba shi da kyau? Ko a hannun kishiyar uwa yake? Ko maigidan ba ya fitar da cefane? Ban ga laifin kakanninmu ba. Sun ga yadda ƙyanda da gudawa da yunwar tsakiyar damina ke ɗauke ramammen yaro su bar mai tsoka, suka ɗauki darasi. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Zabarmawan Nijar suna da al'adar hangandi, inda mata ke ciyar da kansu don su cika, Larabawan Azawak da mutanen Muritaniya kuma an san su da ɗura wa 'yan mata madara tun suna ƙanana.

Abin da kakanni ba su sani ba shi ne kemis. Maganin da ya shafi nauyin jiki wanda ya fara isa ƙauyukanmu na ƙara ƙiba ne, wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Galibi ɗayan abu biyu ne, ko haɗinsu. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne a asali, amma yana buɗe ciki yana sa barci, shi ne ke cikin wasu ruwan magungunan da ake saya wa yara da sunan maganin cin abinci. Akwai kuma dexamethasone, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi. Wanda ya daɗe yana shansa fuskarsa za ta yi suntum, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Yaro kuwa har tsawonsa yake tsayarwa. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya riga ya daina yin nasa sinadarin, sai likita ya rage shi sannu a hankali. Mai kallo daga nesa zai ce yarinya ta yi kyau, alhali kumburi ne. Mu da muka san kumburin tamowa, wanda in ka danna ƙafar yaro yatsarka ke barin rami, ya kamata mu fi kowa sanin cewa ba duk cika ce lafiya ba.

Ƙibar gaskiya ma tana da alamominta, sai dai ba mu saba karanta su ba. Wuyan yaro ya yi baƙi ya yi kauri, uwa ta yi ta dirza da soso tana faɗan ƙazanta, alhali jiki ne ke nuna insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya fara gaza aikinsa. Minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi cikin barci, sai yaro ya wuni yana gyangyaɗi a aji malam ya ce malalaci ne. Ciwon gwiwa, haki daga ɗan gudu kaɗan, kitse a hanta, rikicewar al'ada ga budurwa. A asibiti ana haɗa nauyi da tsawo a fitar da lamba, a gwada ta da ta tsaran yaron, maza daban mata daban. Katin awon yara yana da layuka a sama kamar yadda yake da su a ƙasa. Idonmu dai ya saba da na ƙasan.

Gida ake yi wa magani

A ƙarshen shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Leonard Epstein, ya fara gwada wata dabara. Ya kasa abinci gida uku, ya ba su launin fitilar kan hanya. Kore, kamar ganye da kayan lambu, a ci yadda ake so. Ruwan ɗorawa, abincin yau da kullum irin hatsi da nama marar kitse, a ci da awo. Ja, kayan zaƙi da soye-soye, sai jefi-jefi. Launukan nan uku dai da uwa ta sani a Gandi, sai dai a can ja na nufin abu ya yi yawa. Amma ba launukan ne suka sa aikinsa ya yi suna ba. Ya ɗauki yara 'yan shekara 6 zuwa 12 ya raba su: wasu a yi aiki da yaron kaɗai, wasu a ɗora wa yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa nauyin canzawa tare. A 1990 ya buga sakamakon bibiyar shekara 10, kuma yaran da aka haɗa da iyayensu ne suka riƙe abin da suka samu. A Isra'ila, Moria Golan ta ƙara gaba a 1998: ta bar yaran a gida, ta koyar da iyaye kawai, sakamakon ya fi na koyar da yara kai tsaye. A 2023 kuma wani gwaji da aka yi kan yara 452 a asibitocin yara na Amurka na tsawon wata 24 ya nuna har 'yan'uwan yaron da ba su ake yi wa magani ba sun amfana.

Abin da ake koyarwa ba wani sirri ba ne. A rubuta abin da aka ci, domin mutum ba ya sanin yawan abin da yake ci sai ya gani a rubuce. A fitar da abin jan hankali daga gida maimakon a ajiye shi a gaban yaro ana cewa kar ka taɓa. A yaba masa lokacin da ya yi daidai, a daina ba shi alawa a matsayin lada ko lallashi. Babba ya fara yi kafin ya ce a yi. Ga ƙaramin yaro sau da yawa ba a ma neman ya rage nauyi, ana so nauyin ya tsaya ne har tsawo ya cim masa. Abu mai wuyar shi ne naci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a Janairun 2023, ta ce sai an yi aƙalla awa 26 na zama ido da ido da iyali cikin wata 3 zuwa 12 kafin a ga tasiri sosai. Ko a Amurka iyalai kaɗan ne ke samun haka. A asibitin ƙauye da ma'aikaciya ɗaya ke awon ciki da rigakafi da karɓar haihuwa, awa 26 ga gida ɗaya mafarki ne.

Sai dai ina ganin akwai abin da muka fi su. Abin da Epstein ke fafutukar dawo wa iyalin Amurka, wato a zauna a ci abu ɗaya tare, mu ba mu rabu da shi ba tukuna. Tukunya ɗaya ce, yara kuma kwano ɗaya suke sa wa hannu. Ba za a iya yi wa yaro ɗaya girki daban ba, kuma hakan ya yi daidai da dabarar, domin ware shi tozarci ne. In aka rage man da ake malala wa shinkafa da wake, aka ƙara zogale da rama da yakuwa, aka rage sukarin koko da na zoɓo, kowa ya samu, har da ramammen cikinsu, muddin ba a rage masa wake da gyaɗa da ƙwai da nono ba. Tuwon gero da miyar kuka, fura da nono ba tulin sukari, ɗanwake, kwaɗon zogale, dafaffen dankali, goruba da magarya da kanya: in aka bi ma'aunin Epstein, yawancin abincin gabashin Sakkwato kore ne da ruwan ɗorawa. Ja ɗin daga kanti yake shigowa. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, abin da babu uwar da za ta iya zuba wa ɗanta a kofin shayi tana kallo. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021, amma tsadar kaya ta cinye naira goman tun tuni.

Wanda zai kawo wannan dabara gidan Bahaushe kuma dole ya san “iyali” a nan ba uwa da uba da yara biyu ba ne. Akwai ranar girki: in uwar yaro ta rage mai yau, gobe girkin abokiyar zamanta ne, kuma in ita ce ta rage wa ɗan kishiya abinci, kowa ya san sunan da za a ba abin. Saboda haka sai maganar ta fito daga bakin maigida, a gaban kowa, a matsayin tsarin gida. Shi ne mai cefane, shi ne kuma mai shigowa da leda da dare. Akwai kaka, wadda ɗakinta ne mafakar duk yaron da aka hana wani abu. In ba a shawo kanta ba an yi aikin banza, kuma ba a shawo kan tsohuwar da ta binne 'ya'ya saboda rama da lissafin kalori. Sai dai a ce mata, “Inna, ciwon sukarin nan da ya kama Baba, shi muke guje wa jikanki.” Akwai kuɗin tara, da mai tallan da ke bakin ƙofar makaranta. Akwai malamin islamiyya, wanda ya riga ya san koyarwar Manzon Allah (SAW) ta kasa ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. A Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ba baƙon abu ba ne malami ya yi maganar lafiya, domin shi kansa Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani.

Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya awa ɗaya take nema a kullum ga ɗan shekara 5 zuwa 17. Yaron da ke kiwo ko kai abinci fadamar Goronyo ya ninka haka kafin azahar. Langa da kokawa da 'yar gala-gala da wasan dandali sun ishi kowa. Matsalar tana ga yaron birni da ake ɗauka a mota ko a babur zuwa boko, daga nan islamiyya, daga nan waya, musamman 'ya mace da ake cewa ta girma da tsalle-tsalle tun tana shekara goma. Tsoro ma ya taimaka: inda dare ya zama abin fargaba, dandali ya mutu.

Abu guda da bincike ya tabbatar, mu kuma muka fi sakaci da shi, shi ne baki. Lukuti, tulu, buhun gero: sunayen da ake liƙa wa yaro ana dariya. Gori ba ya rage ƙiba. Yakan sa yaro ya riƙa ci a ɓoye, ya guji filin wasa, wata yarinyar kuma ta koma hana kanta abinci har ya zame mata wata cutar.

Allurar da ke tafe

Ƙa'idojin 2023 ɗin nan sun tayar da ƙura saboda sun ce daga shekara 12 likita zai iya haɗa wa yaro da magani, daga 13 kuma a duba yiwuwar tiyata ga wanda ƙibarsa ta yi tsanani. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna shi ne semaglutide, allurar mako-mako ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, da ake sayarwa da sunan Wegovy. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A gwajin da aka buga a ƙarshen 2022, matasa 201 'yan shekara 12 zuwa 17 aka bi na mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar ma'aunin ƙibarsu ya sauka da kimanin kashi 16 cikin 100, na sauran bai motsa ba. Babu wata nasiha da ta taɓa yin haka, kuma a Disamban wannan shekarar Amurka ta amince a ba matasa. Ga yaron da ke da kilo 120 da ciwon sukari a shekara 15, wannan rahama ce, kuma bai kamata a raina ta ba.

Amma dukkan matasan gwajin, har da masu allurar, an haɗa musu da koyar da iyali tsarin ci da motsa jiki. Allurar tana sa tashin zuciya da amai da gudawa, wasu ta jawo musu tsakuwar matsarmama. In aka daina, nauyi yakan dawo. A Yunin 2024 wani kwamitin masana na Amurka mai duba hanyoyin rigakafin cututtuka ya goyi bayan aikin iyali ga yara daga shekara 6, amma ya ƙi ba da shawarar magani, ya ce hujjar dogon lokaci ba ta isa ba. Ga kuma kuɗi. A 2024 farashin allurar wata ɗaya a Amurka ya kai dala 1,349, kusan naira miliyan biyu, wato albashin fiye da shekara biyu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Tana kuma buƙatar firji, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma sai an ga dama.

Tsadar nan ba za ta dawwama ba. Haƙƙin mallakar semaglutide yana ƙarewa a 2026 a Indiya da Sin, ƙasashen da kaso mai yawa na magungunan kemis ɗinmu ke fitowa daga cikinsu, kuma kamfanonin can sun daɗe da shirin fitar da nasu mai araha. Jabunsa ma ya riga ya fito: a Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na bogi da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka, ƙasashen da ke da tsauraran masu sa ido. Idan mai arahar ya iso nan, zai bi hanyar da sauran magunguna suka bi, daga manyan dillalai zuwa kemis ɗin unguwa, daga nan zuwa tiren mai yawo da magani ranar kasuwa a Gandi ko Acida. Zai tarar da sha-ka-fashe a kan kanta ɗaya, mai shago ɗaya ne zai miƙo su, kuma da wuya ya tambayi shekarun yarinyar da aka aiko.